Wasan Mai Kula da Sito da Cinikin Ɗanɗana Kafin Ka Saya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin sito a Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, a lokacin kaka, ya ga yadda 'yan dako suke shigar da buhunan gero da dawa da gyada. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙarfi kaɗai aikin yake bukata. Amma a tambayi mai sito. Ɗan dakon da ya fara jibge kaya a bakin ƙofa ya toshe wa kansa hanyar ƙurya, kuma dole a sake fitar da abin da aka shigar kafin a gyara ɓarnar. Saboda haka gwani yakan fara jera buhunan a cikin kansa kafin ya ɗaga ko ɗaya.

A kan irin wannan tunani ne wani mutumin ƙasar Japan mai suna Hiroyuki Imabayashi ya gina wani wasan kwamfuta, wanda kamfaninsa na Thinking Rabbit ya fitar a shekarar 1982. Sunan wasan Sokoban, ma'anarsa da Japananci mai kula da sito. A wannan maƙala za mu duba yadda ake buga shi da dalilin da ya sa ya daɗe yana ba masana lissafi wahala, sa'an nan mu bi sawun wata hanyar ciniki mai ban mamaki wadda ta yaɗa ire-irensa a duniya kafin zuwan intanet gidajen jama'a.

Yadda ake wasan

A fuskar kwamfuta za a ga zanen sito kamar ana leƙensa daga sama, an rarraba daɓensa gida-gida tamkar gurabun dara. Akwai ɗan mutum guda, akwai akwatuna, akwai kuma gidajen da aka yi wa alama inda ake so akwatunan su tsaya. Mai wasa yana tafiyar da ɗan mutumin da maɓallan kibiya huɗu: sama, ƙasa, dama, hagu. Dokokin ba su da yawa. Ana tura akwati, ba a jan sa. Ba a tura biyu a haɗe. Ba a ratsa bango, ba a tsallake akwati. Idan kowane akwati ya hau gidan alama, an ci wannan matakin, sai a wuce na gaba.

Babu agogon da yake korar mutum, babu abokin gaba, babu sa'a. Duk abin da ya same ka, kai ka jawo shi. Haramta jan akwati kuwa shi ne gishirin wasan, domin shi ne yake sa kuskure ɗaya ya zama na har abada. Akwatin da ya shiga kusurwa ya mutu, tun da babu inda za a tsaya a bayansa a turo shi. Wanda ya manne da bango zai iya zamewa a jikin bangon, amma ba zai rabu da shi ba sai in bangon yana da wata kafa da mutum zai shiga. Akwati biyu da suka jeru a jikin bango sun kashe juna. Haka nan guda huɗu da suka haɗu biyu-biyu a tsakiyar fili, ko da babu bango kusa, ba mai sake motsa su.

Malamin da makarantarsa ba ta da kwamfuta ba shi da uzurin hana ɗalibansa wannan wasa. A share ƙasa, a zana gidaje 25, wato layi 5 a kwance kowanne da gida 5, a ɗauki gefen zanen a matsayin bango. A sa marfin kwalba biyu a layi na 3, ɗaya a gida na 2, ɗaya a gida na 3. A ajiye tsakuwa a gida na 1 na wannan layin, ita ce mai sito. A yi alama a gida na 4 na layi na 3, da gida na 4 na layi na 2, wato na samansa. Ɗalibin da ya yi gaggawa zai so ya tura dama kai tsaye, sai ya tarar marfi biyu ne a gabansa. Wanda ya natsu zai sauka layi na 4, ya tura marfin farko sama, ya tura na biyu dama, sa'an nan ya zagayo ya raka na farkon gidansa. Taku 9 ke nan, 4 daga ciki turi ne. Kafin a fara, yana da kyau a sa ɗalibai su ƙirga gidajen haɗari: daga cikin 25 ɗin, 16 suna jikin bango, saura 9 kacal inda marfi yake da 'yancin komawa ko'ina.

Me ya sa yake da wuya haka?

Mai karatu zai iya cewa, tun da kwamfuta tana lissafi da saurin walƙiya, ai sai ta gwada kowace hanya har ta dace. To, bari mu ƙirga. A siton da yake da gidaje 30 da akwati 4, ana iya jera akwatunan ta hanyoyi 27,405. A kowane jeri, mai sito zai iya tsayawa a ɗaya daga cikin gidaje 26 da suka rage. Idan aka ninka, za a sami yanayi 712,530. Wannan ba komai ba ne a wurin kwamfuta. Amma a ninka girman siton sau biyu kawai, ya zama gidaje 60, a sa akwati 10. Yanzu hanyoyin jera akwatunan sun haura biliyan 75, idan kuma aka haɗa da gidaje 50 da mutum zai iya tsayawa, adadin ya wuce biliyan 3,700. An ƙara ɗaki kaɗan, lissafi ya yi tsalle ya bar ƙasa.

A shekarar 1997 wani masanin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada, Joseph Culberson, ya tabbatar ta hanyar lissafi cewa Sokoban yana cikin rukunin matsaloli masu tsananin wuya, waɗanda har yau ba a san wata dabara mai sauri da za ta warware kowace irinsu ba. A wannan jami'a dai, Andreas Junghanns da Jonathan Schaeffer sun tsara manhaja mai suna Rolling Stone domin ta warware wasu sanannun matakai 90 da masana suke gwaji da su. Ta ci fiye da rabi, sauran suka gagare ta. Sai a shekarar 2020 aka sami manhajar da ta cinye duka 90 ɗin, alhali 'yan Adam masu haƙuri sun daɗe da gama su.

Abin da mutum ya fi na'ura a nan shi ne iya watsi da abin da ba shi da amfani. Gwanin wasan ba ya gwada kowace hanya. Yakan fara tambayar kansa wane gidan alama ne ya kamata a cike da farko, domin kada akwatin da ya isa gida ya tare wa 'yan'uwansa hanya. Yakan kuma yi tunani daga ƙarshe zuwa farko: in akwati zai tsaya a nan, daga ina aka turo shi, kuma ina mai turin ya tsaya? Malaman lissafi za su gane wannan hanya, don ita ake bi wajen kafa hujja a darasin jometiri. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin ba wasan rabin sa'a a ajin sakandare.

Ɗanɗana kafin ka saya

Sokoban na asali kaya ne na kanti, ana sayar da shi a cikin kwali. Sai dai dokokinsa suna da sauƙin da ɗalibin jami'a zai iya rubuta irinsa a ɗakinsa, saboda haka daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 mutane da dama suka tsara nasu, da sababbin matakai da sababbin sunaye. Wasu suka bayar kyauta. Wasu kuwa suka bi wata hanya da ba kyauta ba ce, ba kuma cinikin kanti ba.

Asalin hanyar daga Amurka ne. A shekarar 1982 Andrew Fluegelman, a jihar Kalifoniya, ya rubuta manhajar sadarwa mai suna PC-Talk. Maimakon ya nemi kamfanin da zai sayar masa, sai ya ba kowa izinin kwafa da rabawa, ya kuma rubuta a cikinta cewa wanda ya ji daɗinta ya aiko masa da dala 25. A wannan shekara Jim Knopf, ma'aikacin kamfanin IBM a jihar Washington, ya yi irin haka da tasa manhajar ta adana bayanai, PC-File. A 1983 Bob Wallace ya bar aiki a Microsoft ya fitar da PC-Write, ta rubutu, kuma ta hannunsa ne sunan shareware ya bazu, wato manhajar da ake rabawa. Mu a nan za mu kira ta manhajar ɗanɗano, domin babu abin da ta fi kama da shi kamar yankan da mai kilishi ko mai tsire yake miƙa wa wanda ya tsaya a gabansa. Wallace har la'ada yake biya: in ka yi rajista, ka ba wani kwafinka, shi ma ya yi rajista, to kana da kaso. Dillalan kasuwar Dawanau ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Hikimar ita ce, abin da ya fi cin kuɗi a sayar da manhaja shi ne buga faifai da kwali da talla da kai kaya kantuna. A wannan tsari masu amfani da ita su ne suke yin duk wannan aiki ba da lada ba. Faifan fulofi mai faɗin inci 3 da rabi yana ɗaukar megabait 1.44, wanda bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar zamani ba, amma ya ishi ƙaramin wasan ƙwaƙwalwa har da saura. Daga faifai zuwa faifai, daga aljihu zuwa aljihu, wasan da aka rubuta a wani ƙauyen Amurka ko Turai zai iya isa Kano ba tare da mai shi ya kashe ko kwabo ba. Mujallun kwamfuta na ƙasashen waje su ma sukan liƙa faifai cike da irin waɗannan manhajoji a bangonsu. A 1987 masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu a Amurka domin tsara ƙa'idojinta.

Amma wasa ba kamar manhajar ofis ba ne. Wanda ya gama wasa ya gama da shi, mantuwa kuma takan riga biya zuwa. Scott Miller, wani matashi a jihar Texas, ya ga haka da idonsa a wasanninsa na farko. Saboda haka a 1987, da ya fitar da Kingdom of Kroz ƙarƙashin sunan Apogee, sai ya saki kashi ɗaya ya yi ta yawo, ya riƙe sauran kashin sai wanda ya aiko da kuɗi. Dabarar ta karɓu ƙwarai, har shahararren wasan nan Doom na 1993 ma da ita aka fitar da shi. Ga wasan ƙwaƙwalwa kuwa ta dace kamar an auna: a ba ka matakan farko masu sauƙi, ka saba, ka fara jin kanka gwani, daidai nan sai ƙofa ta rufe.

Yadda ake rajista

Kwafin da ba a yi wa rajista ba yakan tuna wa mai shi bashin da yake kansa. Wani da an kunna shi sai sanarwa ta fito ta tsaya na 'yan daƙiƙoƙi kafin a shiga wasa. Wani yana ƙirga kwanaki, galibi 30. Wani kuma yana ɓoye yawancin matakansa, ko ya hana adana inda aka tsaya. A cikin faifan akwai fom da ake bugawa a takarda, a cike suna da adireshi, a haɗa da cak ko fasal oda, a sa a ambulan a kai gidan waya. Kuɗin ƙananan wasanni yawanci tsakanin dala 10 ne zuwa 30. Bayan makonni sai amsa ta zo, ko dai faifai mai ɗauke da cikakken wasan, ko kuma 'yar takarda mai ɗauke da lambar rajista.

A nan ne tsarin ya yi wa mutanenmu nisa. A ɗauki misalin malami a Zakirai a shekarar 1996, wanda ya ci karo da irin wannan wasa a wata cibiyar buga takardu a birnin Kano, ya kuma yi niyyar biyan dala 15. A wancan lokaci farashin gwamnati naira 22 ne kowace dala, amma ba shi ne farashin da talaka yake samu ba. A kasuwa dala tana kusan naira 80. Dala 15 ta zama kimanin naira 1,200 ke nan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin da doka ta ƙayyade tun 1991 yake naira 250 a wata. Ko da kuɗin suna hannu, sai an sami hanyar mayar da su takardar da bankin Amurka zai karɓa, domin katin biyan kuɗi na banki bai zama ruwan dare a nan ba tukuna. Intanet kuwa sai a ƙarshen shekarun 1990 ta fara samuwa a manyan birane, wayar salula ta GSM kuma sai 2001. Wanda yake da ɗan'uwa mai karatu a Ingila ko Amurka shi ne mai sauƙin lamari. Ba mamaki idan mafi yawan kwafin da suka iso ƙasar nan sun tsufa a matakan ɗanɗano.

Ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kwafa manhajar ɗanɗano a ba aboki halas ne, mai ita ma roƙon haka yake yi. Raba cikakken wasan da aka biya, ko raba lambar rajista, shi ne cin haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 1988 ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, haka ma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023. Marubuta littattafan Hausa da masu shirya fina-finai a Kano sun san zafin wannan fiye da kowa.

Wata illa ta yawon faifai ita ce cutar kwamfuta. Tun 1986 aka ga wadda ake kira Brain, da ta fito daga birnin Lahore na Pakistan, tana bin fulofi daga na'ura zuwa na'ura. Shi ya sa masu hankali sukan zuge ɗan makullin da yake kusurwar faifai, wanda yake hana a rubuta komai a kansa, kafin su sa shi a kwamfutar da ba su sani ba.

Sirrin lambar rajista

Yanzu ga tambayar da ta fi dacewa da ajin kimiyya. Kwamfutar da take Kano ba ta haɗe da waya, ba ta taɓa jin labarin cewa an biya kuɗi a Amurka ba. To ta yaya take gane cewa lambar da aka buga mata ta gaskiya ce?

Amsar ita ce, cikakken wasan yana cikin faifan tun farko, a kulle, tare da wata ƙa'idar lissafi da take ƙulla suna da lamba. Wanda ya san hisabin abajada, inda alif yake 1, ba 2, jim 3, dal 4, ya riga ya san rabin dabarar. Ita ma kwamfuta kowane harafi lamba ne a wurinta. A tsarin ASCII, babban baƙi A shi ne 65, M 77, S 83, U kuma 85. Bari mu ƙirƙiri ƙa'ida tamu don misali: a tara lambobin haruffan suna, a ninka sau 7. Sunan MUSA zai ba da 77 da 85 da 83 da 65, jimla 310, sau 7 kuma 2,170. Mai wasan, da kuɗin Musa suka iso shi, sai ya yi wannan lissafi ya aika masa da 2170. Musa ya buga sunansa da lambar. Manhajar ta sake yin lissafin da kanta, ta ga ya yi daidai, ta buɗe ƙofa, ta kuma rubuta sunansa a fuskar wasan. Rubuta sunan nan ba ado ba ne kawai. Duk wanda Musa ya ba lambarsa, dole ya riƙa ganin sunan Musa kullum, kowa kuma ya san ta inda ta fita.

Ɗalibi mai lura zai hango raunin ƙa'idarmu. SAMU da MUSA haruffansu ɗaya, don haka lambarsu ɗaya. Maganin wannan shi ne a ninka kowane harafi da matsayinsa, na farko sau 1, na biyu sau 2, har ƙarshe. Da haka MUSA ya zama 756, SAMU kuma 784. Masu tsara manhaja sukan ƙara wasu matakan, kamar raba jimlar da wata lamba a ɗauki ragowa, domin kada wanda ya ga lambobi biyu ko uku ya gano zaren.

Duk da haka akwai raunin da wannan ba ya magancewa. Ƙa'idar tana cikin manhajar, manhajar kuma tana hannun kowa. Wanda ya iya karanta harshen na'ura zai iya tono ta ya riƙa ƙera lambobi da kansa, kuma an yi ta yin haka. Kamar a ce an ba mutum kwado ne tare da zanen mabuɗinsa a naɗe a ciki. Mafita ta zo daga wata dabarar lissafi da Rivest da Shamir da Adleman suka bayyana a 1977, wadda ake kira RSA. A cikinta mabuɗi biyu ne: ɗaya na ƙera lamba, yana ɓoye a wurin mai manhaja, ɗaya na tantance ta, shi ne kaɗai ake sawa a cikin faifai. Sanin na biyun ba ya kai mutum ga na farko sai ya iya gano lambobin da aka ninka aka sami wata lamba mai ɗaruruwan alƙaluma, aikin da ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su. Irin wannan lissafi na mabuɗi biyu shi ne yake tsare kuɗin da ake turawa ta intanet a yau.

Fulofi ya ɓace, fom da ambulan sun bi shi. Amma wasan da yaro yake saukewa a waya kyauta, ya buga matakai kaɗan sa'an nan a nemi ya biya kafin ya ci gaba, jikan dabarar Scott Miller ne, sai dai yanzu wayar takan tuntuɓi kamfanin kai tsaye ta intanet, ba ta dogara da ƙa'idar da aka ɓoye a cikinta kaɗai ba. Sokoban kansa yana nan a wayoyi da sunaye iri-iri, yawancinsu kyauta.

Ga malamin da yake son gwada ɓangaren lambar a aji, sai ya raba ɗalibai gida biyu. Rukunin farko su ƙirƙiri ƙa'idarsu a asirce, su rubuta sunaye biyar da lambobinsu a allo. Rukuni na biyu su nemo lambar suna na shida. A fara da sunaye gajeru masu haruffa kusan iri ɗaya, kamar ALI da ALA, domin bambancin harafi guda shi ne yake fara tona asirin ƙa'ida.